Karatun Gayya a Ajin Jami'a

Ajin jami'a, jama'a masu sauraro, wuri ne da ke tara mutanen da ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tun da aka kafa ta a 1962, tana karɓar ɗalibai daga kowane sashe na Najeriya, ƙasar da ake magana da harsuna fiye da 500 a cikinta. Jami'ar Musulunci da ke garin Say a Jamhuriyar Nijar tana tara 'ya'yan ƙasashen Afirka ta Yamma. 'Ya'yan Hausawa kuma suna can Misra da Malesiya da Indiya da Turkiyya, suna zama a aji ɗaya da mutanen da ba su san ko gaisuwarsu ba. Batun sharhin yau shi ne yadda za a mai da wannan haɗuwa ta zama sanin juna.

A fara da abin da ido ke gani. Ƙarfe takwas saura na safe, ɗalibai suna tururuwa cikin ɗakin lakca. Ba wanda ya raba musu wurin zama. Amma kafin malami ya shigo, ɗakin ya riga ya rabu da kansa. Masu jin Hausa sun yi gungu a wannan gefe. Can kusa da taga ana hira da Yarbanci. A baya ana raha da Turancin buroka. Ɗaliba ta ajiye jaka a kan benci, ta kama wa 'yar garinsu wuri. Idan an tashi, kowane gungu ya nufi wurin cin abincin da ya saba. Haka za a yi gobe, haka za a yi jibi. Ɗalibi yana iya shafe shekara huɗu a aji ɗaya da wani, bai san sunan garinsu ba. Bahaushe ya daɗe da raɗa wa wannan suna: zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa.

Babu mugunta a cikin wannan. Baƙo yana neman inda zai huta da baƙunta, kuma harshen uwa inuwa ne. Abin bai tsaya ga Afirka ba. A 1998 wasu masu bincike biyu, Simone Volet da Grace Ang, sun duba ɗaliban wata jami'a a Ostireliya. Sun tarar 'yan ƙasa da baƙin da suka zo daga kudu maso gabashin Asiya, kowane ɓangare ya fi son yin aikin rukuni da nasa. To, a riƙe wannan magana, domin za ta yi ta dawowa: zama a ɗaki ɗaya ba ya haifar da sanin juna da kansa.

Yanzu sai a tambaya, wace ƙwarewa ce ake so ɗalibi ya samu? Hausa tana da sunanta tun da daɗewa, wato iya zama da jama'a. Abin da ake nufi a nan shi ne iya zama da jama'ar da tarbiyyarsu ta sha bamban da ta mutum. Yana da kyau mutum ya san abincin wasu da bukukuwansu, amma wannan somin taɓi ne. Gundarin ƙwarewar shi ne mutum ya iya dakatar da hukunci idan ya ga abin da bai saba gani ba. Ya tambaya kafin ya yanke. Ya gane cewa yadda aka raine shi hanya ɗaya ce cikin hanyoyi masu yawa. Sannan ya iya gyara lafazinsa da ɗabi'arsa har aiki ya tafi, ba tare da ya yar da addininsa ko mutuncinsa ba.

Ga misali na kusa. Yaron da ya tashi a gidan Hausawa an koya masa ya sunkuyar da kai idan babba yana magana. Kunya ce, kuma ladabi ne. Abokin karatunsa da ya tashi inda ake cewa mai gaskiya ya kalli idon mutane, zai ga kamar yaron nan yana ɓoye wani abu, ko kuma kansa babu komai. A ɗaya gefen, ɗalibin da ya saba muhawara da ɗaga murya, a wurinsa alamar ya damu da batun ce. Bahaushe na gefe ya ɗauka faɗa ake nema, sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Wani ya miƙa wa ɗaliba hannu da kyakkyawar niyya, ta noƙe, ya tafi yana jin an wulaƙanta shi. Wani ya shigo ya faɗa kan batun aiki babu gaisuwa, aka ce ba shi da tarbiyya. Duk cikinsu babu mai mugun nufi. Kowa ya karanta ɗan'uwansa da baƙaƙen da ya koya a gida. Irin wannan kuskuren karatu ba ya gyaruwa da lakca. Yana gyaruwa ne idan mutum ya yi aiki da wani har ya ga fassararsa ta farko ba daidai ba ce.

Daga nan, masu sauraro, a juya ga abin da masana suka gano. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard ta Amurka, Gordon Allport, ya wallafa littafi a kan ƙyamar da wata al'umma ke yi wa wata. Ya ce cuɗanya tana rage ƙyama, amma da sharaɗi. Dole waɗanda suka haɗu su tsaya a matsayi ɗaya, babu ubangida babu bara. Dole su kasance da buri guda, wanda ba zai samu ba sai sun haɗa hannu. Kuma dole hukumar da ke sama da su ta nuna a fili tana goyon bayan haɗuwar. Idan babu waɗannan, cuɗanya tana iya ƙara raini. Ai an ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum.

A shekarar 1954 ɗin dai, wani masani haifaffen Turkiyya, Muzafer Sherif, ya yi wani gwaji a jihar Oklahoma. Ya kai yara maza 22 wani sansanin hutu a daji, ya raba su gida biyu. Yaran nan launinsu ɗaya, addininsu ɗaya, iyayensu masu rufin asiri iri ɗaya. Aka sa su gasa, da wasan ƙwallo da jan igiya, aka sa kyauta ga wanda ya ci. Cikin 'yan kwanaki suka zama abokan gaba. Suka ƙona tutar juna, suka riƙa kai wa juna farmaki a ɗakin kwana. Sai masu gwajin suka ce bari a haɗa su cin abinci da kallon fim, ko za su shirya. Wurin cin abincin ya koma filin jifa da abinci.

Abin da ya kashe wutar daban ne. Masu gwajin suka toshe hanyar ruwan sansanin a ɓoye. Ƙishirwa ba ta san ɓangare ba, sai yaran suka fita tare neman inda matsalar take. Wata rana kuma motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi. Yaran suka ɗaura mata igiya, irin wadda suka yi gasar ja da ita, suka ja tare har ta tashi. Ranar komawa gida, su da kansu suka nemi a sa su a mota ɗaya. An soki wannan gwaji daga baya, domin manya ne suka hura wutar gabar da gangan a tsakanin yaran da ba su san ana gwaji da su ba. Sukar tana da tushe. Duk da haka darasin ya zauna. Gasa ta raba su, zama kawai bai haɗa su ba, buƙatar juna ce ta haɗa su.

To, ta yaya za a shigo da wannan igiya cikin aji? Amsar ita ce abin da masana ilimi ke kira koyo ta hanyar haɗin gwiwa. A Hausance, babu sunan da ya fi dacewa da shi kamar karatun gayya. Duk wanda ya taɓa ganin aikin gayya a gona ya san tsarinsa. Gonar ɗaya ce, kuma ba a tashi sai an gama ta. Amma kowane manomi yana da kunyarsa da zai kai ƙarshe. Wanda ya yi lalaci ba shi da wurin ɓuya, kunyarsa ce za ta tona shi a gaban jama'a. Waɗannan abubuwa biyu su ne ginshiƙan karatun gayya: nasara ta kowa ce, alhaki kuma na kowane mutum ne shi kaɗai. Wasu 'yan'uwa biyu, David Johnson da Roger Johnson na Jami'ar Minnesota, sun shafe shekaru masu yawa suna nazarin wannan hanya, kuma waɗannan ginshiƙai biyu suna kan gaba a cikin sharuɗɗan da suka shimfiɗa.

A nan dole a tsaya a bambance, domin akwai wani abu da ke kama da karatun gayya alhali ba shi ba ne. Kowane ɗalibin jami'a ya san shi. Malami ya ce a kasu rukuni-rukuni, mutum goma goma, a kawo aiki nan da mako biyu. Kowa ya ruga wurin 'yan garinsu. Aka buɗe zaure a WhatsApp. Mutum ɗaya mai ƙoƙari ya kwana yana rubutu. Sauran suka haɗa kuɗin bugawa da na fotokwafi, suka aiko da sunayensu da lambobinsu a sa a bangon gaba. Ranar miƙawa, wasu ba su karanta ko shafin farko ba. Maki ya fito iri ɗaya ga kowa. Mai ƙoƙarin ya tafi da takaici, 'yan abi yarima a sha kiɗa suka tafi da maki. Idan kuma aka yi rashin sa'a mai ƙoƙarin da malalacin ba ƙabilarsu ɗaya ba, to an ƙara wa tsohon zargi taki. Sai a ji ana cewa ai mutanen wuri kaza haka suke. Tun a 1913 wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Ringelmann, ya nuna cewa idan mutane suka yi yawa a kan igiya ɗaya, kowa yana rage ƙarfin da yake ja da shi. Aikin rukunin da ba a tsara ba, ɓarnarsa tana iya fin amfaninsa.

Yanzu ga yadda ake tsara na gaskiya. Dabarar da ta fi shahara ta fito ne daga birnin Austin na jihar Teksas a 1971. A lokacin an haɗa yaran fararen fata da na baƙaƙen fata da na 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya, bayan shekaru masu yawa na wariya. Cikin 'yan makonni rigima ta ɓarke. Aka nemi taimakon wani malamin jami'a, Elliot Aronson. Da ya shiga azuzuwan, sai ya lura cewa ajin kansa filin gasa ne. Malama ta yi tambaya, hannaye suka tashi, wanda ya amsa daidai ya haskaka a kan wanda ya kasa. Aronson da ɗalibansa suka sauya tsarin. Suka kasa yaran ƙananan rukunai a gauraye. Suka yanka darasin gunduwa-gunduwa, suka ba kowane yaro gunduwa ɗaya wadda babu mai ita a rukuninsa sai shi. Jarrabawa kuwa a kan darasin gaba ɗaya za a yi ta, kuma kowa zai rubuta tasa. Sun sa wa dabarar sunan wani wasan yara, inda ake yayyanka hoto a sake harhaɗa shi. A Hausa a kira ta kowa da gunduwarsa.

Aronson ya ba da labarin wani yaro ɗan asalin Meziko da Turancinsa bai nuna ba. Ya saba yin shiru a aji don gudun dariya. Da aka zo kan gunduwarsa, sai ya fara in'ina, yaran rukuninsa suka fara yi masa ba'a. Mai kula da su ba ta yi musu wa'azi ba. Ta tuna musu kawai cewa jarrabawa na tafe, kuma abin da ke hannun yaron nan yana ciki. Sannu a hankali yaran suka gane ba'a ba za ta ba su maki ba. Suka koyi yi masa tambaya a hankali, suka koyi jira ya gama magana. Da ya ga ana saurarensa, bakinsa ya buɗe. Su kuma suka gano ashe yaron ba daƙiƙi ba ne. A lura da jerin abubuwan, masu sauraro. Buƙata ce ta fara zuwa, sauraro ya biyo baya, girmamawa ta zo daga ƙarshe.

A kawo wannan cikin ajin jami'a. A ce darasin a kan zazzaɓin cizon sauro ne, a tsangayar kiwon lafiya. Malama ta kasa ɗalibai mutum huɗu huɗu, kuma ita ta zaɓa, ba su ba. A rukuni ɗaya akwai ɗaliba daga Gusau, da saurayi daga Enugu, da wani daga Makurɗi, da wata daga Maraɗi wadda ta yi sakandare da Faransanci. Ɗaya ya ɗauki rayuwar ƙwayar cutar a jikin sauro da jikin mutum. Ɗaya ya ɗauki gwaji da magani. Ɗaya ta ɗauki rigakafi. Ɗaya ta ɗauki dalilan da ke hana iyaye kai yaro asibiti da wuri. Da farko kowa zai tafi ya zauna da takwarorinsa na sauran rukunai masu irin gunduwarsa, su daddale ta har su ƙware. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin shi ke hana mai rauni komawa hannu rabbana. Sannan kowa ya dawo rukuninsa ya koyar. Saurayin Enugu ba shi da wata hanyar sanin rigakafi sai ta bakin ɗalibar Gusau. Idan muryarta ta yi ƙasa, shi zai matso da kujerarsa. Idan kalmar Turanci ta kuɓuce wa 'yar Maraɗi, su za su taya ta lalubo ta. Da aka zo kan dalilan jinkirin zuwa asibiti, kowa zai faɗi yadda ake yi a garinsu, sai su tarar da tsoron kuɗin magani da dogaro da mai shagon magani na unguwa abu ne da kowa ya sani a gidansu. Ba a ce da su ku zo a tattauna al'ada ba. Aikin ne ya jawo ta.

Akwai wani tarnaƙi da ya kamata a daɗe a kansa, shi ne matsayi. Allport ya ce a tsaya a matsayi ɗaya, amma ɗalibai ba sa shigowa aji a matsayi ɗaya. Wanda ya yi makarantar kuɗi, Turanci yana zuba a bakinsa. Wanda ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye, wataƙila ya fi kowa lissafi, amma yana tsoron buɗe baki kada a yi dariyar lafazinsa. Cikin minti biyar rukuni ya riga ya yanke wa za a saurara. Mai Turanci ya zama shugaba, mace ta zama mai rubutu, mai shiru ya zama ɗan kallo. Wata malama a Jami'ar Stanford, Elizabeth Cohen, ta yi dogon nazari a kan wannan. Maganinta guda biyu ne. A ba da aikin da ke buƙatar baiwa iri-iri, da lissafi da zane da iya tambayar mutane da iya tsara bayani, yadda babu mai iya komai kuma babu wanda bai iya komai ba. Sannan malami ya zagaya yana sa ido. Idan ya ga ɗalibin da ake rainawa ya kawo abu mai ma'ana, ya faɗa a gaban rukunin, ya ambaci takamaiman abin da ya yi da amfaninsa ga aikin. Yabon gaskiya daga bakin malami yana sauya yadda sauran ke kallon mutum. Yabon ƙarya kuwa ɗalibai suna gane shi nan take.

Wasu ƙananan abubuwa ma suna iya rusa gayyar tun ba a fara ba. Kada a jefa mutum ɗaya tilo cikin rukunin da kowa ke jin wani harshe ban da shi, domin hira za ta koma wancan harshe a bar shi yana kallon bango. Kada a mai da ɗalibi kakakin ƙabilarsa, a riƙa ce masa ku mutanenku me ya sa kuke kaza. Shi kansa yake wakilta. Lokacin haɗuwa kuma a daidaita shi tun ranar farko. Wannan yana da sallar Juma'a, wancan yana da coci ranar Lahadi, wata ba ta fita bayan magariba, wata matar aure ce mai goyo. A zaɓi fili kamar ɗakin karatu, da rana, inda kowa zai sake. Wannan daidaitawar ita kanta darasi ce, wataƙila ma ta fi wasu lakcoci amfani.

Sai batun wasa. Ƙasar Hausa da maƙwabtanta suna da tsohuwar hikima ta wasan barkwanci tsakanin al'ummomi, kamar Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zage-zagi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam. Abokan wasa suna faɗa wa juna magana mai zafi a yi dariya, domin kowa ya san dokar wasan. Amma ɗalibin da ya zo daga inda ba a san wannan doka ba zai ji zagi ne tsagwaronsa. Shi ya sa ake son rukuni ya ware 'yan mintuna a ƙarshen kowane zama, ya duba kansa. Wa bai samu damar magana ba yau? Wace kalma ce ta sosa wa wani rai? Me za a gyara a zama na gaba? Nan ne mai wasa zai bayyana nufinsa, wanda aka sosa kuma ya faɗi yadda ya ji, tun ƙaramar magana ba ta zama babba ba.

Yanzu, masu sauraro, ga tambaya mai nauyi. Shin abin yana aiki? A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp sun tattara bincike fiye da 500 da aka yi a ƙasashe da dama. Sun tarar cuɗanya tana tafiya da raguwar ƙyama a mafi yawan lokuta, kuma tasirin ya fi ƙarfi inda aka cika sharuɗɗan Allport. Amma akwai wani bincike da ya fi kusa da gida, kuma ya fi koyar da tawali'u. A birnin Kaduna aka yi shi, inda rikice-rikicen baya suka raba unguwanni, Musulmi suka fi yawa a arewacin gari, Kirista a kudanci. Alexandra Scacco da Shana Warren suka shirya wa samari Musulmi da Kirista horon kwamfuta na mako 16. Wasu aka sa su a aji gauraye, wasu a ajin 'yan addininsu zalla. Sakamakon ya fito a 2018. Ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi, waɗanda suka yi aji gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba, idan aka kwatanta da 'yan ajin zalla. Abin da ya fi jan hankali shi ne tushen bambancin. Zaman 'yan ajin zalla da junansu ne ya ƙara musu fifita nasu.

A tsaya a kan wannan. Ma'anarsa ita ce barin ɗalibai su zauna da nasu kaɗai ba tsayawa wuri ɗaya ba ne. Ratar ƙaruwa take yi. Ma'anarsa ta biyu kuma, hannu yana riga zuciya sauyawa. Wani bincike na Salma Mousa a arewacin Iraƙi, wanda ya fito a 2020, ya nuna kusan haka. Kiristocin da suka buga ƙwallo a ƙungiya ɗaya da Musulmi sun ci gaba da atisaye da su bayan an gama gasa, amma wannan sabo bai kai ga Musulmin da ba su sani ba. Don haka kada a ɗora wa karatun gayya kayan da ya fi ƙarfinsa. Zango ɗaya ba zai goge abin da aka shekara ashirin ana ji a gida ba. Abin da zai iya shi ne ya koya wa mutum yin adalci da aiki tare da wanda ba nasa ba. Ga ƙasar da likita da injiniya da alƙali za su yi wa kowa aiki, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Kuma dalili ne na a maimaita tsarin daga shekarar farko har ta ƙarshe, ana sauya rukunai, domin ɗalibi ya san mutum biyar ko goma daga wancan ɓangare, kada ya ce wannan ɗaya da na sani shi ne ya fita zakka.

Malamai za su ce, kuma da gaskiyarsu, aji ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan ɗalibai, bencina a kafe suke, zango gajere ne, yajin aiki ya cinye rabinsa. Duk da haka akwai abin da ke yiwuwa. Malami yana iya tsayawa a tsakiyar lakca ya jefa tambaya, ya ba kowa minti ɗaya ya yi tunani shi kaɗai, sannan ya tattauna da na kusa da shi, sannan a kira wani ya faɗi abin da abokinsa ya ce. Idan an riga an gauraya wurin zama da jerin lambobi, to na kusa da shi ba ɗan garinsu ba ne. Wajen maki kuma, a raba shi: kaso na rukuni, kaso mafi girma na abin da kowa ya rubuta da hannunsa, kuma ranar gabatarwa malami ne zai nuna wanda zai yi bayani. Da wannan kaɗai, ci-ma-zaune ya ƙare. Hukumar jami'a ita ce sharaɗin Allport na ƙarshe. Ita za ta horar da malamai, ta samar da ɗakunan da kujeru ke juyawa, ta kuma lissafa wannan wahala cikin aikin malami.

Najeriya ta daɗe da sanin darajar cuɗanya. A 1973, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa, inda ake tura wanda ya gama jami'a wata jiha ya yi shekara guda. Shekara ɗaya ke nan, bayan an gama karatu. Jami'a kuwa tana riƙe da matasan nan shekara huɗu ko biyar kafin nan, a ɗaki ɗaya, a kan benci ɗaya, a lokacin da ra'ayinsu bai gama daskarewa ba.

Masu sauraro, a cikinku akwai malaman da za su shiga aji gobe da safe, akwai ɗaliban da za a ce su kasu rukuni a wannan mako, akwai kuma iyayen da 'ya'yansu za su dawo hutu. Idan yaro ya dawo, bayan an tambaye shi sakamakon jarrabawa, a ƙara masa da tambaya ɗaya: da wa da wa kake karatu, kuma mutanen ina ne? Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai albarka.